Ɗana ya yi saukar hadda, cikin shekara ɗaya da rabi ta zube

Maman Abdul: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun watan azumi nake juya wata damuwa a raina, ban faɗa wa kowa ba sai mahaifinsa. Ɗana na fari ya yi shekara uku a makarantar haddar kwana, ya haɗa izu sittin, aka yi walima, 'yan uwa suka zo har daga ƙauye. Daga nan ya koma boko don ya zana jarrabawar fita sakandare. Azumin bana aka ce ya ja mu tarawihi a gida, mu da maƙwabta. Daren farko ya kama Baƙara lafiya lau, da ya zo labarin Banu Isra'ila da shiga ƙofa sai ya ɓulla cikin A'arafi bai sani ba. Ƙanwarsa da ke riƙe da Alƙur'ani ta gyara masa, ya dawo, ya sake ɓata. Dare na uku ya ce kansa na ciwo, daga nan bai ƙara shiga gaba ba. Da na zaunar da shi sai ya ce, "Umma, in na buɗe na duba duk na san shi, in na rufe sai ya gudu." Don Allah ina karatun ya tafi? Ya goge ne gaba ɗaya, ko yana nan? Ko hannu aka sa masa?

Abu Hanan: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki duba wayarsa. Alƙur'ani haske ne, ba ya zama wuri ɗaya da saɓo. Yaran yanzu da zarar waya ta shiga hannu shi ke nan. Ki karɓe ta, ki sa shi istigfari.

Maman Abdul: Malam, wayar maɓalli ce a hannunsa, ko intanet ba ta shiga. Kuma yaron nan jam'i ba ya wuce shi. Ban ce ma'asumi ba ne, amma na san ɗana.

Hajiya Kulu, Damagaram: Allah sarki. Ki ba shi zabibi da zuma da sassafe kafin ya ci komai. Mu haka muke yi wa yaranmu.

Alaramma Mai Allo: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, babu wanda ya yi masa komai. Tambaya ɗaya zan yi miki. A cikin shekara ɗaya da rabin nan, izu nawa yake tilawa a rana, da ka, a gaban wani mai saurare?

Maman Abdul: Allah gafarta Malam, yana karantawa da safe, amma da kallo. Wani lokaci shafi biyu, wani lokaci uku. Da jarrabawa ta matso ma ya rage.

Alaramma Mai Allo: To ga amsarki nan. Manzon Allah (SAW) ya ce a riƙa bibiyar Alƙur'ani, domin ya fi raƙumin da aka dabaibaye saurin kuɓucewa. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Sahabbai aka faɗa wa wannan, mutanen da suka fi mu tsarkin zuciya nesa ba kusa ba. Da saɓo ne kaɗai ke kore hadda, da ba su aka fara yi wa wannan gargaɗi ba.

Mu a tsangaya, ranar da yaro ya haɗa izu sittin ba mu ce ya gama ba. A ranar ma aikin ya soma. Sai ya sake komawa farko da allo, ya rubuta, ya haddace, ya biya wa malam da ka, a ce ya wanke, ya sake rubuta na gaba. Gardi yakan bar gari ya tafi kiskadi, can bayan gari inda ba hayaniya, ya wuni yana tilawa. Akwai darasu, inda ake zama a kawo alluna, kowa ya ji na kowa, a kama kuskure ko na wasali ɗaya ne. Kafin a kira mutum alaramma sai ya rubuta Alƙur'ani da ka, da hannunsa, da alƙalamin kara da tawada. Shekaru ake kwashewa. Ni kaina, da furfurata, ranar da na yi ƙasa da izu biyar nakan ji a bakina washegari.

Shi kuma wurin da ya ɓata, ba shi ne na farko ba. A Baƙara shiga ƙofa da sujada ne ya fara zuwa, sannan faɗin "hiɗɗatun". A A'arafi kuma faɗin ne ya riga shiga ƙofar. Labari ɗaya, kalmomi kusan ɗaya, jeri ya bambanta. Irin waɗannan ayoyi masu kama da juna su suka sa gwanaye ke da ilimin harji, su san kalma kaza sau nawa ta zo, a ina da ina, me ya biyo bayanta a kowane wuri.

Abu Hanan: Allah gafarta Malam, ban musa ba. Amma ai an ruwaito cewa babu zunubin da ya kai mutum ya haddace sura ya manta da ita.

Alaramma Mai Allo: An ruwaito, amma malaman hadisi da dama sun raunata shi. Wanda ya inganta shi ne na Nana A'isha, cewa Annabi (SAW) ya ji wani mutum yana karatu da dare, ya yi masa addu'ar rahama saboda ya tuna masa ayar da aka mantar da shi. Kuma da ya yi rafkanuwa a salla ya ce shi mutum ne kamarmu, yana mantuwa kamar yadda muke mantuwa, in ya manta a tuna masa. Ƙabli da ba'adi da muke yi, ai don mantuwa aka shar'anta su. Kada a ɗora wa yaro mai shekara goma sha bakwai nauyin da zai sa ya ji tsoron buɗe Alƙur'ani. Na ga waɗanda kunya ta raba su da karatun gaba ɗaya.

Likita Binta: Bari in sa baki ta ɓangarenmu, domin abin da Alaramma ya faɗa shi ne abin da aka auna aka gani. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa bincikensa a 1885. Kansa ya yi wa gwajin. Yakan haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, ya bari lokaci ya wuce, sannan ya auna wahalar da zai sha kafin ya sake haddace su. Bayan minti 20, abin da ya rage masa na aikin kashi 58 cikin ɗari ne. Bayan awa ɗaya, kashi 44. Bayan kwana ɗaya, kusan kashi ɗaya cikin uku. Bayan wata guda, kashi 21. Ku lura, zubewar da gudu take farawa, sannan ta lafa. Lafiyayyar ƙwaƙwalwa ke nan, ba mai cuta ba. Kuma gaɓoɓi ne da ba su da ma'ana, abu mai ma'ana ya fi haka daɗewa.

Maman Abdul, ga abin da ya shafi tambayarki kai tsaye. Abin da mutumin nan ya auna shi ne sauƙin da ake samu wajen sake koyo. Ko jerin da ya ji kamar bai taɓa gani ba, in ya dawo masa yakan haddace shi da sauri fiye da karon farko. Wato sawun yana nan. Maganar da ɗanki ya yi, in ya duba ya sani in ya rufe ya gudu, ita ce shaida. Gane abu in an gan shi daban, tono shi daga ka daban. Kamar hanyar gona ce da aka daina bi, ciyawa ta rufe ta. Gonar ba ta tashi ba. Shekara ɗaya da rabi yana kallon shafi, ido ne yake aiki, ita hanyar tonowar ba a taka ta ba.

Malam Ɗanjuma: Likita ta taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Shekara goma sha tara ina koyarwa a sakandare, kuma kullum faɗana da ɗalibai ke nan. Yaro zai karanta littafin rubutunsa sau biyar, ya ji a ransa ya iya, domin duk layin da idonsa ya sauka a kai ya saba da shi. Ya shiga ɗakin jarrabawa a ba shi farar takarda, ya zauna yana cizon biro.

An gwada wannan a wata jami'a a Amurka, aka wallafa a 2006, masu binciken Roediger da Karpicke. Wasu ɗalibai aka ba su wani rubutu su yi ta maimaita karantawa har zama huɗu. Wasu zama ɗaya suka karanta, sauran zama ukun aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda abin ya juye, masu rufewa su tuno suka riƙe kashi 61, masu maimaitawa kashi 40. Abin da ya fi ba ni mamaki, masu maimaitawar su suka fi amincewa da kansu cewa za su tuna. Da na karanta wannan sai na tuna malaminmu na allo, wanda ba ya cewa ka wanke sai ka kifa allon ka kawo da ka.

Ummi Kabir: Wallahi Malam kamar da ni kake. Ina aji uku a jami'a, kwana nake yi a aji daren jarrabawa, in ci kuma da maki mai kyau. Amma yau in ka tambaye ni abin da muka yi zangon da ya wuce, sai dai in duba.

Likita Binta: Ummi, abu biyu kike yi wa kanki a dare ɗaya. Na farko kin tara karatun wuri guda. Shi Ebbinghaus ɗin ya lura cewa maimaici 38 da ya rarraba cikin kwana uku sun yi masa aikin da maimaici 68 suka yi a zama ɗaya. Na biyu kin hana kanki barci, alhali cikin barci ƙwaƙwalwa ke daddale abin da aka koya da rana. Tun 1924 aka gwada wannan da ɗalibai biyu a jami'ar Cornell, aka ga abin da suka haddace suka kwanta a kansa ya fi zama a kan wanda suka haddace suka shiga hidimar yini.

Akwai wani ɗan sashe mai lanƙwasa can cikin ƙwaƙwalwa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ana ce masa hifokamfus. Shi ke karɓar sabon abu ya riƙe kafin ya zauna daram a sauran sassan. An san muhimmancinsa ne ta hanyar wani bawan Allah, Henry Molaison, da aka yi wa tiyata a Amurka a 1953 saboda farfaɗiya mai tsanani, yana da shekara 27. Aka cire masa mafi yawan wannan sashe a ɓangarorin biyu. Farfaɗiyar ta ragu, amma daga ranar bai ƙara iya ajiye sabon abu ba har ya rasu a 2008. Ya san yarintarsa, yana hira lafiya, amma in ka fita ka dawo sai ka sake gabatar da kanka. Wata mai bincike, Brenda Milner, ta sa shi zana tauraro yana kallon hannunsa ta madubi. Kullum hannunsa na ƙara gwanancewa, shi kuwa kullum cewa yake bai taɓa yin wannan aikin ba. Daga nan aka gane cewa tunawa ba rumbu ɗaya ba ce. Abin da hannu da harshe suka saba da shi yana da tasa hanya.

Alaramma Mai Allo: Wannan na ƙarshen na yarda da shi ɗari bisa ɗari, Likita. Mukan ce karatu ya zauna a baki. Akwai dattijon da na sani, a ƙarshen rayuwarsa ba ya gane 'ya'yansa, amma in ka ja masa farkon aya sai ya kama ya tafi.

Baban Sadik: Ni fa ina da ja a nan. Duk an taru an ce laifin rashin tilawa ne, an bar makarantun. Yaya za a ce yaro ya haɗa izu sittin cikin shekara biyu ko uku, a yi masa rawani da hoto, a miƙa wa iyaye? Gasa ake yi, kowace makaranta na son a ce tata ta fi sauri. Kullum ƙari, kullum ƙari, baya kuwa ba mai waiwaya. Nawa yaron sai da na cire shi daga wata, domin yana izu arba'in amma izu goman farko sun tafi. Iyaye ma da namu, walimar muke so.

Malam Ɗanjuma: Ba duka ba ne Baban Sadik. Akwai waɗanda suke ware shekara guda cur ta bita kawai, ba ƙari. Yaran da suke cin musabaƙa ai daga irin waɗannan makarantu da yawansu suke fitowa.

Baban Sadik: Nawa ne ke zuwa musabaƙa a aji mai yara hamsin? Biyu ko uku. Su ake tsarewa ana yi musu bita dare da rana. Ni sauran nake magana.

Abu Hanan: Har yanzu ina kan bakana. Duk wannan lissafi na Turawa bai kore cewa zuciyar da ta shagala ba ta riƙe karatu ba.

Likita Binta: Malam Abu Hanan, a kan shagala ba mu saɓa ba. Abin da hankali bai tsaya a kansa ba tun farko bai ma shiga ba, balle a ce an manta shi. Shi ya sa kake neman makullin da ka ajiye kana waya. Inda na tsaya shi ne kada a ga mantuwa a yanke wa yaro hukuncin saɓo.

Alhaji Sabo Kwari: Ku yi haƙuri zan ɗan karkata. Mu a kasuwa mantuwar da ta fi cin mu ba ta ɓacewa ba ce, ta sauyawa ce. Ni da wani abokin cinikina mun kusa ɓatawa a kan bandir na shadda. Na rantse goma sha biyu na ba shi, ya rantse goma ya karɓa, kuma wallahi na san ba maƙaryaci ba ne. Ina ganin ranar a idona, har rigar da ke jikinsa. Da yaron shago ya tono tsohon littafi, goma ne. Biyun wata rana daban na ba wani. Tun daga nan ko allura na bayar bashi sai na rubuta.

Likita Binta: Alhaji, wannan shi ne abin da mutane ba su cika yarda da shi ba. Tunawa ba ɗaukar hoto ba ce, duk sanda ka tuno abu sake harhaɗa shi kake yi, kuma wani abu na iya shigowa ciki. A 1974 Elizabeth Loftus da abokin aikinta suka nuna wa mutane fim na haɗarin mota. Wasu aka tambaye su gudun motocin lokacin da suka "bugi" juna, wasu aka ce lokacin da suka "ragargaji" juna. Bayan mako guda aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Cikin mutum 50 da aka yi wa tambaya da kalma mai zafi, 16 suka ce sun gani. Cikin 50 na ɗaya kalmar, 7 ne. Babu gilashi ko ɗaya a fim ɗin.

Alaramma Mai Allo: Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, ai a kan rubuta bashi take, Alhaji.

Hajiya Kulu, Damagaram: Likita, tunda ana maganar, ni tawa damuwar mahaifiyata ce. Ta haura tamanin. Takan ci tuwo ta ce ba a ba ta ba, ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ina yarinya. Amma labarin yunwar da aka yi tana amarya, ba ta rage ko sunan rijiya. Sau biyu tana fita da dare ana dawo mana da ita. Wasu a unguwa har sun fara faɗin maganar da ba ta da daɗin ji.

Likita Binta: Hajiya, Allah ya ba ki ladan jinya. Wannan daban yake da na Abdul, kuma ba maita ba ce, ba aljanu ba ne. Kada ki bari kowa ya jefe ta da wannan kalma. Alamun da kika faɗa sun yi kama da cutar mantuwa ta tsufa, wadda mafi yawanta nau'in da likita Alois Alzheimer ya bayyana ne a 1906. Takan fara taɓa wancan sashe mai karɓar sabon abu, shi ya sa tuwon ɗazu ke ɓacewa, labarin shekara sittin kuma yana nan. Ba zan iya yanke hukunci daga nan ba. Ki kai ta asibiti a duba ta, domin akwai abubuwan da ke kawo ruɗewa ga tsofaffi kuma suna da magani, kamar ƙarancin sinadarin B12, matsalar maƙoƙo, ciwon sanyin fitsari, ko wani magani da take sha. A auna hawan jini da suga. In ta ce ba ta ci ba kada a yi musu da ita, a ɗan ba ta wani abu kaɗan. A sa sakata sama inda hannunta ba ya kai, a kuma dinka lambar wayarki a jikin mayafinta.

Zabibi da zuma kuwa abinci ne masu kyau, a ci. Amma ba za su maye gurbin tilawa ba.

Hajiya Kulu, Damagaram: Na gode ƙwarai 'yata. Ranar Litinin in sha Allah za mu je.

Maman Abdul: Na dawo in ba ku labari. Na karanta masa abin da Alaramma da Likita suka rubuta, ya yi shiru, sannan ya ce shi dama tsoronsa kada ya zama Allah ne ya yi fushi da shi. Mun fara shekaranjiya bayan asuba, ni ke riƙe da Alƙur'ani shi yana kawowa da ka. Sumuni biyu muka yi daga farkon Baƙara. Ranar farko ya tsaya sau tara, jiya sau huɗu a wuri ɗayan. Allah gafarta Malam, in ya tsaya in yi sauri in faɗa masa ne, ko in ƙyale shi? Kuma mu ci gaba a jere ko mu fara da inda ya fi ƙarfi?

Alaramma Mai Allo: Madalla. Kada ki yi sauri. Ki bar shi ya koma farkon ayar ya sake tahowa, sau biyu. In ya gagara ki ba shi kalma ɗaya tak, ba ayar duka ba. Duk inda ya tsaya ki sa ɗigo da fensir a gefen shafin, gobe da nan za a fara kafin a shiga sabo. Ku tafi a jere. Na jiya ya sake kawo shi yau, ya kuma kawo shi bayan kwana uku, sannan ranar Juma'a ya haɗa na makon duka. Abin da ya kawo da safe ya yi nafila da shi bayan isha'i kafin ya kwanta. In kun isa wurin shiga ƙofar nan, ki sa ya rubuta ta Baƙara da ta A'arafi a allo ɗaya, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ya nuna miki bambancin da yatsansa. Akwai allo a gidan?

Maman Abdul: Akwai na ƙaninsa. Tawada ce babu, zan aika a sayo yau.